SASSABEN ZAMANI: YADDA ITATUWA SUKA KOMO GONAKIN MARAƊI

Bazara ta gabato, lokacin sassabe ya yi. Ba da daɗewa ba manomi zai saɓi gatari da adda ya nufi gona, ya sare sabara da kalgo da suka toho cikin rani, ya tara su ya cinna musu wuta, ya bar gona fes tana jiran ruwan shuka. Haka aka saba, har ma akan auna ƙwazon manomi da tsabtar gonarsa, wanda ya bar tsirrai kuwa a ce da shi rago. Wannan mako za a yi bayanin wata hanyar sassabe dabam, wadda manoman Maraɗi da Damagaram a Jamhuriyar Nijar suka bi har suka mayar da itatuwa miliyoyi cikin gonakinsu ba tare da dashe ba. Labarin yana da amfani ga manomi, yana kuma da amfani ga malamin ofis mai rubuta takardar izini, domin ya nuna yadda aikin masu bincike da dokar gwamnati da hannun manomi suke cin karo da juna, da abin da ke faruwa in sun daidaita.

Da farko sai a duba abin da ya kawo maganar. Tsofaffi sun daɗe suna cewa damina ta sake hali, masu awon ruwan sama kuwa sun gaskata su. Cikin shekarun 1950 ruwa ya wadata a ƙasashen bakin hamada. Daga 1968 ya fara ja da baya, aka yi babban fari a 1972 da 1973 wanda ya hallaka dabbobi ba iyaka, sa'an nan aka sake wani a 1983 da 1984. Bayan 1990 ruwa ya ɗan komo, amma ba irin na da ba ne. Yakan yi jinkirin sauka, ya ɗauke kwana da kwanaki bayan an yi shuka, sa'an nan ya zubo gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Cikin 2017 waɗansu masana suka fitar da sakamakon binciken hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35, suka ga manyan hadura masu ɓarna sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne ɗumamar duniya, watau hayaƙin injuna da motoci da masana'antu da ke taruwa a sama yana riƙe zafi kamar bargo. Afirka duka ba ta fitar da abin da ya wuce kimanin kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi ba, amma wahalarsa ta sauka a kan gonar gero tun da wuri.

Ga yadda abin yake a gonar jigawa wadda ba itace a cikinta. Iskar da ke gaban hadari takan kwashi yashi ta binne tsiron gero ko ta yanke shi, sai an sake shuka sau biyu ko uku, iri ya ƙare, kwanakin damina su ragu. Rana takan gasa ƙasa har tsiro ya ƙone. Ruwa mai ƙarfi in ya sauka ba abin da zai tare shi, sai ya wuce da taki da ƙasar sama. Maganin wannan duka an san shi tun da daɗewa: itace. Gardamar da aka sha ita ce ta yadda za a same shi.

DASHE DA DOKA

Bayan farin 1973, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji suka zuba kuɗi mai yawa wajen dashe. Aka kafa gidajen renon itatuwa, aka raini dogon yaro da turare cikin leda, aka kwashe su a mota zuwa ƙauyuka, aka dasa layi layi, aka kewaye da waya. A waɗansu wurare abin ya kama, kamar shingayen tare iska na kwarin Majiya a Nijar da aka fara cikin 1975, da waɗansu na ƙasar Kano da Jigawa. Amma galibi in an dasa goma, da ƙyar biyu su kai baɗi. Ɗan itacen leda saiwarsa gajera ce, rani kuwa wata bakwai ne ko takwas. Awaki su ci, gara ta ci, matar da ke tafiya mil biyu ɗebo ruwan sha ba za ta zuba wa itacen gwamnati ba. A rahoton ofis akan rubuta adadin da aka dasa, ba a cika komawa a ƙidaya waɗanda suka rayu ba.

Wani abin da ya fi wannan nauyi shi ne doka. A ƙasashen da Faransa ta mallaka an kafa dokar daji tun 1935, Nijar kuma ta sabunta tata a 1974. Bisa ga waɗannan dokoki, itatuwa masu daraja kamar gawo suna ƙarƙashin tsaron hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suke. In ya sare reshe ba izini, ma'aikatan daji su ci shi tara. An yi dokar ne don a kare itace, sai ta zama ita ce ta sa manomi ya ƙi shi. Mutum mai hankali ba zai raini abin da zai jawo masa tara ba, kuma ba nasa ba ne in ya girma. Saboda haka da ya ga tsiron gawo sai ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin idon hukuma ya kai gare shi. Har wa yau, lokacin da aka kawo garmar shanu da noman gyaɗa na sayarwa, abin da aka koya wa manoma a ɓangarorin iyaka biyu shi ne su tone kututture don garma ta wuce. Watau malamin gona yana cewa a tone, malamin daji yana cewa kada a taɓa, mai bincike yana can tasharsa yana gwada itatuwan ƙasashen waje, manomi kuwa ba wanda ya tambaye shi.

Ba yau aka fara tsaron gawo ba. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimu, cikin ƙarni na 19, ya kafa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Mutanen da sun san darajarsa tun kafin a zo da littattafan aikin gona.

DAJIN DA KE ƘARƘASHIN ƘASA

Cikin 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, yana kan hanyar kai itatuwan dashe ƙauye. Ya tsaya ya rage iskar tayoyin motarsa don ta wuce yashi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyensa sai ya ga ashe ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itace ne wanda aka sare tun da daɗewa, saiwarsa kuwa tana nan da rai. Irin waɗannan suna ko'ina cikin gonaki, kowace shekara su toho, kowace bazara a sare su. Ya kira abin daji na ƙarƙashin ƙasa.

Sirrin abin yana ga saiwa. Tsohon kututture saiwarsa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa ta kai ga laima, kuma tana da abinci a ajiye. Ba ya bukatar ban ruwa, ba ya bukatar leda ko mota. Abin da ya hana shi zama itace shi ne ƙarfinsa yana rabuwa ga toho ashirin ko talatin, sa'an nan gatari ya zo. In aka rage tohon aka bar kaɗan, ƙarfin duka sai ya tafi gare su, cikin shekara biyu ko uku sun wuce tsayin mutum.

Da farko manoma kaɗan suka yarda su gwada, maƙwabta na yi musu dariya, waɗansu kuma na zuwa da dare su sace itacen. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abincin agaji da sharaɗin barin itatuwa a gona, a ƙauyuka kimanin 100. Aka raini itatuwa wajen 500,000. Da aka daina rabon abinci, sai aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Wannan ya isa ya nuna iyakar aikin da aka yi don a karɓi tiya. Amma sauran kashi ɗayan su ne suka yi aikin, domin masu su sun ga hatsi bai ragu ba, ga kuma itacen girki a kusa, ga sandunan rumbu da na danga, ga abincin dabbobi cikin rani. Gani ya kori ji. Daga nan hanyar ta riƙa tafiya daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, har aka sa mata suna sassaben zamani.

Kada a ɗauka mutum ɗaya ne ya yi wannan duka. A ƙasar Damagaram manoma da yawa sun koma renon gawo da kansu, ba wani baƙo da ya je musu. Ruwan sama da ya ɗan komo ya taimaka. Wani abin mamaki kuma, raunin da hukuma ta yi cikin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, lokacin da kuɗi suka yi wa gwamnatin Nijar ƙaranci, shi ma ya taimaka, domin ma'aikatan daji sun rage zagaya ƙauyuka, manoma suka fara ɗaukar itatuwan gonarsu kamar nasu. A Maraɗi kuma shugabannin ma'aikatar daji sun yarda su sassauta tara a wuraren da ake gwajin. Doka ta biyo baya a hankali: dokar karkara ta 1993, da sabuwar dokar daji ta 2004, sa'an nan cikin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman wadda ta amince cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa yana da hakki a kansa. Watau sai da aka yi fiye da shekara talatin kafin takarda ta cim ma abin da ke gona.

Masu bincike su ma a baya suka zo. Shekaru da yawa ana rubutawa a littattafai cewa hamada na cinye Nijar, ba wanda ya lura da abin da ke faruwa. Sai wajen 2004 zuwa 2009, da Chris Reij mutumin Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Mahamane Larwanou masanin daji ɗan Nijar, suka gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da na tauraron ɗan adam na wajen 2005, suka kuma bi ƙauyuka da ƙafa. Suka ƙiyasta cewa itatuwa sun komo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, watau fiye da eka miliyan 12, yawansu kuwa wajen miliyan 200. Suka ƙiyasta ƙarin hatsin da ake samu ya kai tan 500,000 a shekara. Waɗansu masana suna ganin wannan adadi na hatsi ya yi yawa, kuma lalle ƙiyasi ne. Amma itatuwan suna tsaye, kowa na iya zuwa ya gani. Amfanin wannan awo shi ne ya ba masu mulki hujjar da suke ganewa, watau lamba a takarda. Cikin 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomi daga Burkina Faso wanda ya farfaɗo da hanyar haƙa ramukan zai don tare ruwa da taki a ƙasar da ta mutu.

A Nijeriya ma an sami irin wannan. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi shekaru yana bin gonakin kewayen birnin Kano da ƙauyen Dagaceri. Ya tarar cewa a inda mutane suka fi yawa kuma kowa ya san iyakar gonarsa, itatuwan gona ba su ragu ba, domin kowace kuka da ɗorawa da tsamiya tana da mai ita.

YADDA AKE YI

Kafin a ɗaga gatari, manomi ya zagaya gonarsa ya ga irin kututturan da ke ciki. Ya zaɓi waɗanda yake so bisa ga bukatarsa: gawo don taki da abincin dabbobi, kalgo da sabara don itacen girki da tare iska, magarya da kurna da aduwa da kanya don 'ya'ya, marke don sanda mai ƙarfi. A Maraɗi an fara da itace 40 a hekta, watau kimanin 16 a eka ɗaya. Mai shakka ya fara da kusurwa ɗaya ta gonar ya gwada.

A kowane kututture ya zaɓi toho mafi ƙarfi kuma mafi miƙewa, daga uku zuwa biyar, ya sare sauran. Dalilin barin fiye da ɗaya shi ne a riƙa cire ɗaya kowace shekara don amfanin gida, a bar mafi kyau ya zama itace. Sa'an nan ya rage rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsayin tohon, kada ya wuce nan. In aka aske shi har sama, iska ko akuya za ta karya shi. Adda ta zama mai kaifi, a riƙa sara daga ƙasa zuwa sama, domin saran da aka yi daga sama yakan tsage ɓawo ya buɗe wa ƙwari da ruɓa hanya. Rassan da aka sare a bar ganyensu ya zube a gona, ƙirare a kai gida. A ɗaura tsumma a jikin tohon don mai wucewa ya san an raine shi da gangan ne. Bayan wata biyu zuwa shida a komo a cire sabon tohon da ya fito a gindi. Kada a cinna wuta kusa da shi.

Gawo ya cancanci a daɗe a kansa, domin halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa. Da damina, lokacin da kowane itace ke yin ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, saboda haka ba ya hana gero rana kuma ba ya gasa da shi wajen ruwa sosai. Ganyen da ya zubar ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke neman abinci. Da rani kuma ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi a wurin. Dangin wake ne da gyaɗa, saiwarsa tana tara sinadarin nan da ake saye cikin buhun takin yuriya. Awon da aka yi a Bambey ta ƙasar Senegal cikin shekarun 1960 ya nuna geron ƙarƙashin gawo ya ninka na fili sau biyu ko fiye. Aibinsa ɗaya, jinkiri: shekarun farko yana aikin saiwa ne, ba a ganin tsayinsa, mai gaggawa sai ya ce ba ya girma.

Akwai wahaloli, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Itace yakan tara tsuntsaye lokacin da gero ya yi ido. Wanda ba a rage masa rassa ba yakan yi wa shuka inuwa. Mai garmar shanu ko tarakta sai ya bar itatuwansa a layi ko a kan iyaka. Inda aka tone kututture ƙaf da inji, ba abin da zai toho, dole a koma ga iri ko dashe. Babbar wahala kuwa ita ce sata da sara. Mutum ɗaya ba zai iya tsare gonarsa dare da rana cikin rani ba. A ƙauyen Ɗan Saga na jihar Maraɗi an kafa kwamitin tsaro, aka sa mata a ciki tun da su ne masu neman itacen girki, aka sa Fulani makiyaya tun da su ne masu bukatar ganye, aka yi ƙa'idar da kowa ya ji, da tarar da mai gari ya sani. Ƙauyen da ya yi ƙa'ida ba tare da makiyaya ba yana shuka rigima ne.

ABIN DA YA RAGE A WANNAN GEFE

Cikin 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wadda aka fara zana ta kamar layin itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tsawon kilomita wajen 8,000. Nijeriya ta kafa hukumarta a 2015, tana aiki a jihohi 11 na Arewa. An yi niyyar gyara hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton 2020 ya nuna abin da aka gyara cikin yankin ganuwar bai wuce hekta miliyan 4 ba. Manoman Maraɗi da Damagaram sun yi abin da ya fi haka da adda. Masu shirin sun gane wannan, sun sake fasalinsa daga layi ɗaya zuwa gyaran gonaki da makiyaya, sassaben zamani kuwa yana cikin hanyoyin da suka ɗauka.

Amma shiri a Abuja ko dokar canjin yanayi ta 2021 ba su ne ke gaban manomin Daura ko Gumel ba ranar sassabe. Tambayarsa ita ce: in na raini gawon nan shekara goma, nawa ne? In na sare reshe, wa zai kama ni? A nan ne malamin ƙaramar hukuma da ma'aikacin daji da hakimi suke da aiki. Ya kamata a bayyana wa jama'a a fili, da Hausa, a rediyo da bakin dagaci, abin da dokar daji ta jiharsu ta halatta a kan itacen gona da abin da ta hana, domin yawancin manoma ba su san ta ba sai ranar tara. Haka kuma wanda ya karɓi gona aro ko haya ko jingina ba zai raini itace ba sai an yi magana da mai gona gaban shaidu a kan wanda zai ci amfaninsa. Wannan magana ta minti goma ce, amma rashinta ya bar gonaki da yawa tsirara.

Tashoshin bincike kamar ta Samaru, wadda ke aiki tun 1922, sun fitar da iri masu saurin nuna na masara da dawa da wake, hukumar NiMet kuma tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Waɗannan suna tafiya tare da itace, domin iri mai kwana kaɗan ba zai yi amfani ba in yashi ya binne shi a makon farko. Abin da ya fi kyau malamin gona ya yi shi ne ya nemi manomi guda a kowane ƙauye wanda ya riga ya bar itatuwa, a auna hatsin ƙarƙashin gawonsa da na fili da tiya ɗaya a gaban jama'a lokacin kaka, a rubuta, a aika wa tasha. 'Yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Maigatari da Magarya, suna ganin waɗannan gonaki daga kan mota, sun kuma san kuɗin buhun 'ya'yan gawo cikin bazara lokacin da harawa ta yi tsada. Bakinsu yana da tasiri ga abokan cinikinsu.

Wanda ya yi niyyar gwadawa bana, ya zaɓi kututturansa ya ɗaura musu tsumma tun kafin ya aika yara ko 'yan ƙwadago sassabe, ya kuma nuna musu da hannunsa, domin hannun da ya saba sarewa ba ya tsayawa tambaya.